Daga Dajin Aljanu zuwa Sararin Samaniya: Tarihin Adabin Al'ajabi da Kimiyya na Afirka

Masana adabi sukan kasa ƙagaggun labaran da suka zarce abin da ido ya saba gani gida biyu. Akwai labarin al'ajabi, wanda ake ginawa a kan aljanu da tsafi da dodanni da ƙasashen da babu su a taswira, sannan akwai ƙagaggen labarin kimiyya, inda marubuci yake ɗaukar wani abu da ilimin zamani ya gano ko yake hasashe, kamar tafiya sararin samaniya ko na'ura mai tunani, ya nuna yadda zai juya rayuwar mutane. Masu karatu da yawa sun ɗauka Afirka ba ta shiga wannan fage ba sai bayan fitowar fim ɗin Black Panther a 2018, alhali wannan zato ya tauye tarihi da fiye da shekara 80, domin da labarin al'ajabi aka buɗe ƙagaggen rubutun zube a wasu manyan harsunan nahiyar.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa, kuma biyu daga cikin littattafan da suka fi shahara a gasar ba su tsaya a duniyar mutane ba. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, bai kuwa same shi ba sai da taimakon aljanu. Ganɗoki na Bello Kagara ya fara da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, waɗanda mutanen lokacin suka gani da idonsu, sannan ya ɗauke jarumin ya kai shi ƙasar aljanu, ba tare da marubucin ya ga wata katanga tsakanin tarihin da al'ajabin ba. A ƙasar Yarbawa kuma D. O. Fagunwa ya fitar da Ogboju Ode ninu Igbo Irunmale a 1938, labarin maharbi Akara-Ogun da ya kutsa dajin iskoki, littafin da Wole Soyinka ya fassara zuwa Ingilishi a 1968. Waɗannan marubuta tatsuniyar gargajiya suka ɗora a takarda, na Arewa suka haɗa da abin da suka tsinta a littattafan Larabci irin su Dare Dubu da Ɗaya.

Wanda ya fitar da wannan salo zuwa kasuwar duniya shi ne Amos Tutuola, haifaffen Abeokuta, wanda karatunsa na boko bai yi nisa ba. Kamfanin Faber and Faber na Landan ya buga littafinsa The Palm-Wine Drinkard a 1952, labarin wani mashayin bammi da mai ɗebo masa bammin ya faɗo daga bishiya ya mutu, shi kuwa ya kama hanyar garin matattu don ya dawo da shi. A cikinsa ne wata budurwa da ta ƙi duk manemanta ta bi wani kyakkyawan baƙo daga kasuwa, ashe gaɓoɓinsa duka na haya ne, yana tafe yana mayar wa masu su, ƙafa da hannu da fata, har ya rage ƙoƙon kai kaɗai. Mawaƙi Dylan Thomas ya yaba littafin a jaridar Observer, amma 'yan boko da yawa a Nijeriya sun ji kunyarsa, saboda Turancinsa ya saɓa wa nahawu, kuma suna tsoron Turawa su riƙe shi hujja cewa Baƙar fata bai wuce camfi ba.

Wannan tsoro yana da tushe, domin tun daga King Solomon's Mines na H. Rider Haggard a 1885 zuwa Tarzan na Edgar Rice Burroughs a 1912, labaran kasada na Turawa sun mayar da Afirka dajin matsafa da ke jiran Bature ya zo ya gano shi. Saboda haka marubutan zamanin neman 'yanci suka karkata ga adabin zahiri, wato wanda yake kwatanta rayuwa yadda take, don su nuna cewa al'ummominsu suna da shari'a da tsari tun kafin mulkin mallaka. Things Fall Apart na Chinua Achebe ya fito a 1958, jerin littattafan marubutan Afirka na kamfanin Heinemann ya biyo baya a 1962, manhajar makarantu kuma ta bi sahunsu. Aiki ne da ya zama dole a lokacinsa, sai dai ya jawo asarar da ba a cika ambata ba, domin an shafe shekaru ana kallon labarin aljanu a matsayin abin yara. Duk da haka salon bai mutu ba. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani yaro ya yi tafiya zuwa sararin samaniya tare da wata halitta daga can, kuma abin takaici ne yadda masu rubuta tarihin wannan fage da Ingilishi ba kasafai suke ambatonsa ba. Ben Okri ya ci kyautar Booker a 1991 da The Famished Road, labarin Azaro, yaro abiku, wato ɗan da Yarbawa suka yi imani yana mutuwa yana dawowa cikin uwa ɗaya, irin wanda Hausawa suke kira ɗan wabi. Shekara guda bayan haka Kojo Laing na Gana ya rubuta labarin wani yaƙi da ya ƙaddara za a gwabza a Achimota ta ƙasarsu a 2020.

Wani reshen kuma ya tsiro a Amurka, a hannun jikokin bayin da aka kwasa daga nahiyar. Octavia Butler ta buɗe Wild Seed na 1980 da Anyanwu, wata mace 'yar ƙabilar Ibo mai rikiɗa wadda ba ta tsufa, Charles Saunders kuma ya ƙirƙiri jarumi Imaro, wanda littafinsa ya fito a 1981, musamman don ya zama martani ga Tarzan. A farkon shekarun 1990 manazarci Mark Dery ya raɗa wa irin wannan aiki suna Afrofuturism, yana nufin fasahar da Baƙaƙen Amurka suke hasashen gobensu da ita ta hanyar kimiyya da ƙere-ƙere.

Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Nijeriya suka haifa a Amurka a 1974, ita ce ta fi kowa haɗa rassan biyu. The Shadow Speaker na 2007 a Nijar ta kafa shi, a shekarar 2070. Who Fears Death na 2010, wanda ta'asar da aka yi wa mata a Darfur ta zaburar da ita ga rubuta shi, ya ci kyautar World Fantasy. A Lagoon na 2014 kuwa a tekun Legas halittun sama suka sauka, ba a New York ba kamar yadda finafinai suka saba nunawa. Binti, labarin yarinya 'yar ƙabilar Himba ta Namibiya da ta tafi jami'a a wata duniya da jar ƙasar gargajiyarsu shafe a jikinta, ya ci kyaututtukan Hugo da Nebula a 2016. A 2019 ta bayyana cewa sunan da Dery ya raɗa bai dace da aikinta ba, ta zaɓi Africanfuturism, wato hasashen da cibiyarsa take cikin Afirka kanta, ba a ƙasashen Yamma ba, kuma tana da gaskiya, domin damuwar mazaunin Chicago daban take da ta mazaunin Kano.

Abin da ya mayar da ƙoƙarin ɗaiɗaikun mutane ya zama fage shi ne intanet, wadda ta rage dogaro da kamfanonin ɗab'i na waje. Ivor Hartmann na Zimbabuwe ya tattara kundin AfroSF a 2012, Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu suka kafa mujallar Omenana a Nijeriya a 2014, sannan ƙungiyar marubutan wannan fage ta Afirka ta fara ba da kyautar Nommo a 2017, wadda aka ɗauko sunanta daga halittun ruwa na hikayoyin ƙabilar Dogon ta Mali. Kyautar Arthur C. Clarke ta Ingila ta je hannun Lauren Beukes ta Afirka ta Kudu a 2011, da Tade Thompson a 2019, da Namwali Serpell ta Zambiya a 2020.

Sai dai kusan duk wannan bunƙasa da Ingilishi aka yi ta, ta yadda manomin da kakarsa ta rene shi da labarin Gizo da Ƙoƙi ba zai iya karanta abin da aka gina a kan gadonsa ba. Ngugi wa Thiong'o na Kenya ya kasance cikin 'yan kaɗan da suka ƙi wannan hanya, domin da harshen Kikuyu ya fara rubuta Wizard of the Crow kafin ya fassara shi da kansa a 2006. A 2016 kuma ƙungiyar marubuta ta Jalada ta ɗauki wani gajeren labarinsa, kan gardamar da ta ɓarke tsakanin hannuwa da ƙafafuwa har ɗan Adam ya koma tafiya a miƙe, ta wallafa shi a intanet cikin harsuna fiye da 30, har da Hausa.