Daga Majigi Zuwa Waya: Tarihin Fim Ɗin Shaihu Umar Da Darasinsa Gare Mu



Dattawanmu har gobe suna ba da labarin majigi. Mota ce ta gwamnati mai ɗauke da injin wuta da farin allo, takan tsaya a ƙofar hakimi ko a filin kasuwa, bayan magariba a haska hoto, mai bayani yana fassara wa jama'a da lasifika. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo wannan tsari. A 1939 suka kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da suke mulka, ƙarƙashin William Sellers, wani jami'in lafiya da ya yi aiki a Legas. Daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da aikin daga Kaduna, ana koyar da tsafta, rigakafi da noma. Duk wanda ya ga zamanin bai manta da Baban Larai ba.

A cikin wannan aiki ne wani ɗan Adamawa ya taso, marigayi Adamu Halilu, wanda aka haifa a Garkida a 1936. Shi ne ya ba da umarnin fim ɗin Shaihu Umar a 1976, daga littafin da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta tun yana malamin makaranta. Labarin yaro ne da aka sace, bauta ta ƙetare da shi Sahara, mahaifiyarsa ta bi sawunsa, shi kuma ya dawo babban malami. Da Hausa aka yi fim ɗin, tun kafin a san wani abu Kannywood, domin sai a 1990 Turmin Danya ya fito a Kano.

To amma fim ɗin ya ɓace shekaru da dama, har aka fid da rai. Sai a 2016 aka gano faifansa cikin tarin tsofaffin gwangwanaye na Hukumar Finafinai ta Najeriya. Didi Cheeka na ƙungiyar masu son fim ta Legas yana cikin waɗanda suka tsaya kan lamarin. Cibiyar Arsenal da ke Balin ta ƙasar Jamus ta gyara shi, ta mayar da shi na kwamfuta, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Ke nan mutanen Jamus sun riga yawancin 'ya'yanmu ganin aikin ɗan jiharmu.

Wannan ya buɗe wata ƙofa. A 2019 Jami'ar Jos, tare da Hukumar Finafinai da Jami'ar Goethe ta Farankfot, ta soma digiri na biyu a kan adana finafinai. A Jos ɗin ne kuma rumbun adana finafinai da sauti na ƙasa yake. Dalilin wannan karatu a fili yake: zafi da danshi suna cin faifan fim, ya fara warin tsami, ya lanƙwashe, hoton ya tafi. Wanda aka ceto aka mayar na kwamfuta kuwa ana iya haska shi a zaure, ko a aika ta intanet ya iso wayar da ke aljihunmu.

Mu ma muna da namu rumbun, a ƙarƙashin gado da cikin tsofaffin akwatuna: kaset-kaset na hawan sallar Lamiɗo, saukar karatu, bukukuwan aure, wa'azin malaman da suka rasu. Kaset ba ya jiran kowa, na'urar kunna shi ma ta yi wuyar samu a kasuwar Jimeta. Shaihu Umar ya yi sa'a, an nemo shi. Kaset ɗin kakanninmu babu mai zuwa daga Jamus ya nemo mana.

Saboda haka muna roƙon 'yan uwa: a fito da su, a raba su da rana da laima, a rubuta shekara da sunan taron a jikin kowanne tun masu sanin fuskokin suna raye, a kai wa masu iya juya su, a kuma ajiye kwafi fiye da ɗaya.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari. Amin.

Sakataren Ƙungiya