Daga Ganuwar Tanimun Zuwa Wayar Salula

Duk lokacin da na bi ta unguwar Birni a Zinder na ga ragowar ganuwa, nakan tuna cewa tsaron yara tsohuwar damuwa ce a Damagaram. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa mai ƙofofi, ya kuma sa aka ƙera manyan bindigogi a cikin garin. Fatake da baƙi masu zuwa daga Agadas da Ghat, a Zango suke sauka, bayan ganuwa. Baƙo ba ya kutsawa cikin gidajen mutane sai an san daga ina ya fito da abin da ya kawo shi.

Ba banza aka yi haka ba. Zamani ne na cinikin bayi. Baturen Ingila James Richardson, da ya sauka Zinder a 1851, ya rubuta yadda ake kai wa ƙauyuka hari a kamo mutane, har da ƙananan yara, a sayar wa fataken hamada. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne, daga cikin Zinder ɗin mahara suke fita. Ke nan ganuwa ta kare na ciki, amma ɗan talaka na ƙauye sai idon uwarsa da na maƙwabta.

Turawan Faransa sun ci garin a 1899, suka mai da shi hedikwata daga 1911 har zuwa 1926 da aka koma Yamai. Ganuwa ta yi ta zubewa, amma tsarin unguwa bai rushe ba. Mu da muka tashi kafin zuwan salula, ɗa na kowa ne. In aka gan ka da baƙuwar fuska, kafin ka kai gida labari ya riga ka.

Yau baƙon ba ya sauka a Zango. A cikin aljihun yaro yake. Bara wata ɗalibata 'yar shekara 14 ta daina magana a aji. Da na lallashe ta, ta nuna mini saƙonnin wani mutum a WhatsApp. Ya fara da aiko mata kuɗin kira, ya nemi hotonta, sannan ya koma yi mata barazanar watsa shi. Wata biyu tana cikin wannan hali, a ɗakin da mahaifiyarta ke kwana, babu wanda ya sani. Na tambaye ta dalilin shirunta, ta ce tsoron duka.

Wannan amsa ta tsaya mini a rai. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewar a nan ba wayar ba ce, tsoron da yarinya ke yi wa iyayenta ne.

Nijar ta kafa dokar hukunta laifukan intanet a 2019, kuma ana iya kai irin wannan ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma. To amma doka sai an yi ɓarna take zuwa. Gadin ƙofa namu ne, iyaye da malamai. Wayar yaro ta kwana a ɗakin iyaye. A san waɗanda yake hira da su kamar yadda aka san abokansa na fada. A faɗa masa dalla-dalla: ba a tura hoto, ba a karɓar kyauta daga wanda ba a sani ba, ba a zuwa ganawa da shi. Sama da komai, a yi masa alkawarin cewa in ya kawo ƙara ba za a doke shi ba, a kuma cika alkawarin.

Ɗalibar tawa ta dawo tana ɗaga hannu a aji. Mahaifiyarta ce ke riƙe wayar da dare, tare suke duba saƙonni da safe. Allah Ya tsare mana zuri'a.