Hanyar ƙasa ta 10: daga Takeita zuwa Ɗan Barto

Hanyar ƙasa mai lamba 10, wadda ake rubutawa RN10 a takardun gwamnati, ita ce gudrun da ke haɗa jihar Damagaram da arewacin Najeriya ta garin Matamaye. Tana rabuwa da babbar hanya RN1 a Takeita, kimanin kilomita 50 yamma da birnin Zinder, sai ta miƙe kudu.

Daga Takeita hanyar na ratsa Kance, tsohon garin sarauta da gundumar ta ari sunansa, kafin ta shiga Matamaye, mazaunin hukumomin gundumar. A nan wani reshe ke ballewa zuwa Magaria. Ita kuwa RN10 tana ƙarewa ne a Ɗan Barto, inda jami'an duwan ke binciken kaya. Da an ƙetare iyaka sai Kwangwalam a jihar Katsina, sannan Mai'aduwa, Daura, Kazaure har Kano.

Tun kafin kwalta, fatake ke bin wannan yanki tsakanin Damagaram da Kano. Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1904 da 1906 su ne suka shata iyakar da ta raba dangi gida biyu. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kuma gyaɗar kudancin Damagaram ta riƙa bi ta Kano zuwa bakin teku. Mayar da babban birnin mulkin mallaka daga Zinder zuwa Yamai a 1926 bai sauya wannan alƙibla ba, domin Kano ta fi kusa da Zinder nesa ba kusa ba.

A yau dabbobi, wake da raken fadamun Matamaye na gangarawa kudu, kayan masarufi kuma na haurowa. Shi ya sa duk rufe iyaka ke taɓa tukunyar talaka kai-tsaye. An ga haka lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta 2019, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO ya tsayar da zirga-zirga har zuwa Maris 2024.

Hanyar kuma mafita ce ga masu tafiya ci-rani. Gundumar Kance na cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a Nijar, gonaki sun yi ƙaranci, mata da yara da yawa na kama hanyar Agadas zuwa Aljeriya. Mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada a Oktoba 2013, galibinsu daga wannan gunduma suka fito.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, da aka aza harsashinsa a 2021, zai bi ta Daura. Idan ya kammala, RN10 ce za ta kai ƴan kasuwar Matamaye tashar jirgi mafi kusa da su.