Ɗafa-goshin "ma-" a Hausa da harsunan Afro-Asiya

Ɗafa-goshi shi ne ƙwayar ma'ana da ake liƙawa a farkon kalma domin a samar da wata sabuwa, kuma kaɗan ne daga cikin na Hausa suka kai "ma-" yawan aiki. Ana ɗora shi a kan aikatau ya haifar da sunan mai aikin kamar maƙeri, ko na kayan aikin kamar mabuɗi, ko na wurin aikin kamar makaranta, inda wasalin ƙarshe da karin sauti ke rarrabe ukun.

Sarautun Daura sun adana tsofaffin misalansa. Magajiya, laƙabin sarakuna mata da tarihin baka ya ce sun mulki ƙasar har zuwa kan Daurama, ta fito ne daga aikatau "gada", kuma sarautar ta ci gaba a hannun babbar mace ta gidan sarauta bayan mulki ya koma ga maza. Wani misali mai jan hankali shi ne laƙabin Makas-Sarki, wanda labarin Bayajidda ya ce an ba shi bayan ya kashe macijin rijiyar Kusugu mai suna Sarki, domin a nan an gajarta sunan mai aikin an jingina masa karɓau kai tsaye, irin ginin da ya wanzu a "maci amana" da "mafi yawa".

Kamannin "makaranta" da "madrasa", ko "mabuɗi" da "miftah", sukan sa a ɗauka Hausa ta aro ɗafin ne daga Larabci bayan zuwan Musulunci, amma wannan zato bai da ƙarfi, tun da ana samun sa a harsunan Cadi, 'yan'uwan Hausa, da ba su yi cuɗanya sosai da Larabawa ba, da Ibrananci, da Amharik, da harsunan Buzaye, da tsohon harshen Masar, wanda sunan ma'auni a cikinsa ya fito daga aikatau na awo ta wannan hanya. Joseph Greenberg, wanda rabe-rabensa na harsunan Afirka ya fito a littafi a 1963, ya sanya Hausa cikin dangin Afro-Asiya, kuma wannan ɗafi na cikin gadon da ake kafa hujja da shi. Game da tushensa na farko, wasu masana na danganta shi da kalmar tambaya, wato "ma" ta Larabci da "me" ta Hausa, wadda Katsinawa da Sakkwatawa ke furtawa "mi".