Maganin sanƙo: Wanda ke aiki, haɗarin da ke cikinsa, da abin dubawa kafin a saya

Matashin da ya lura goshinsa na ƙara faɗi a Kanya Babba, ko a Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa, ba ya rasa mai yi masa tayin magani. Mai lasifika a ranar kasuwa yana da man da ya ce yana tsirar da gashi cikin mako biyu, mai aski yana da nasa haɗin, a waya kuma tallace-tallacen TikTok da Facebook na ta nuna hoton kai ɗaya sau biyu, na farko fayau, na biyu cike da suma. Kaɗan daga cikin masu sayen waɗannan kaya ne suka taɓa nuna wa likita kansu.

A cikin duk abin da ake tallatawa, magunguna biyu ne kawai hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da su a matsayin maganin sanƙon maza: minoxidil na shafawa da ƙwayar finasteride. Dukkansu suna rage saurin zubewar gashi, suna kuma dawo da wani ɓangare nasa ga wasu mazan, matuƙar ana ci gaba da amfani da su. Babu wanda ke warkar da sanƙo a cikinsu, kuma kowanne yana da illar da ya kamata a sani tun kafin a biya kuɗi.

Me ke kawo sanƙo?

Sanƙon maza gado ne da ake iya ɗaukowa daga dangin uwa ko na uba. Jikin namiji yana sarrafa wani kaso na sinadarin testosteron ya mayar da shi wani sinadari mai ƙarfi da ake kira DHT. Ga wanda ya gaji sanƙo, saiwoyin gashin gefen goshi da na tsakiyar kai ba sa jure wannan sinadari. Sai su riƙa tsukewa a hankali, gashin da suke fitarwa yana sirancewa yana gajercewa, har su daina fitarwa. Gashin ƙeya da na saman kunnuwa yakan tsira, shi ya sa sanƙo ke da siffa kusan iri ɗaya a kan kowa.

Wani masanin Amurka, James Hamilton, ne ya tabbatar da wannan alaƙa a 1942, lokacin da ya nuna cewa mazan da aka dandaƙe kafin su balaga ba sa yin sanƙo. Hula ba ta da laifi a ciki, haka ma yawan aski da reza.

Ba kowace zubewar gashi ce sanƙo ba. Makero, wanda ya fi kama yara, yana buƙatar maganin sha na kashe ƙwayar cutar. Akwai zubewar da ke barin fili mai santsi kamar kwabo, wadda garkuwar jiki ce ke haddasa ta, ko da yake wasu kan danganta ta da iska ko sammu. Akwai ƙurajen aski na ƙeya da ke barin tabo, akwai kuma zubewar da kan biyo bayan zazzaɓi mai tsanani, ƙarancin jini ko ciwon maƙoƙo. Wanda ya sha finasteride saboda ɗaya daga cikin waɗannan ya ɗauki haɗarin maganin a banza.

Minoxidil

Kamfanin Upjohn ne ya samar da minoxidil, kuma a matsayin ƙwayar hawan jini mai tsanani aka fara amincewa da shi a 1979. Da aka lura masu shan sa na fitar da gashi a jiki, sai aka mayar da shi ruwan shafawa, FDA ta amince da mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari a 1988 da sunan Rogaine. Daga baya mai kashi 5 ya fito. Wani gwaji da aka wallafa a 2002, wanda aka yi kan maza 393 tsawon mako 48, ya nuna mai kashi 5 ya fi mai kashi 2 tsirar da gashi da kimanin kashi 45 cikin ɗari.

Ana shafa mililita ɗaya a busasshiyar fatar kai sau biyu a rana, a bar shi kamar awa huɗu ruwa bai taɓa shi ba, a kuma jira ya bushe kafin a sa hula. Saboda alwala, bayan sallar asuba da bayan isha'i ne lokutan da suka fi sauƙi. Sai an yi wata huɗu zuwa shida kafin a san ko yana aiki, kuma a makonnin farko gashi kan ƙara zubewa kafin ya tsaya. Ya fi tasiri a tsakiyar kai, kuma ga wanda sanƙonsa bai daɗe ba. Wasu mazan ba ya yi musu komai. Wanda ya yi wa aiki kuma, idan ya daina, gashin da ya samu zai zube cikin wata uku zuwa huɗu.

Illolinsa da aka fi gani su ne ƙaiƙayi, bushewar fata, amosani da fitowar gashi a inda ba a so. Ruwan yana kama wuta, don haka a nisanta shi da murhu da taba. Mai ciwon zuciya ya tambayi likita tukuna, kuma duk wanda ya ji bugun zuciya, jiri, ciwon ƙirji ko kumburin ƙafa ya dakata ya je asibiti. Ba a yi shi don wanda bai kai shekara 18 ba. Samarin da ke shafa shi a haɓa don tsirar da gemu suna amfani da shi ne ta hanyar da hukumomi ba su amince da ita ba.

Magidanta su kula da jarirai. A 2019 a ƙasar Sifen, yara aƙalla 17 sun fitar da gashi a fuska da jiki bayan an ba su minoxidil bisa kuskure a madadin maganin gyambon ciki. An kuma samu rahotannin jariran da suka yi irin wannan a Turai saboda fatarsu ta riƙa gogar kan mahaifin da ke shafa maganin. A wanke hannu bayan shafawa, a ɗaga kwalbar daga inda yaro zai kai.

Wasu likitoci kan rubuta ƙwayar minoxidil ta sha a ƙaramin ma'auni. Wannan maganin hawan jini ne da ke iya tara ruwa a jiki, har a kewayen zuciya, saboda haka ba abin da mutum zai saya wa kansa ba ne.

Finasteride

Tarihin finasteride ya faro ne daga wani ƙauye a Jamhuriyar Dominika, inda likita Julianne Imperato-McGinley ta bayar da rahoto a 1974 kan wasu maza da aka haifa jikinsu ba ya iya samar da DHT yadda ya kamata. An lura ba sa yin sanƙo, furostet ɗinsu kuma, wato ƙullun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ba ya girma. Kamfanin Merck ya yi maganin da ke kwaikwayon wannan hali. An amince da shi a 1992 don kumburin furostet, miligiram 5, da sunan Proscar, sannan a 1997 don sanƙo, miligiram 1, da sunan Propecia.

Ƙwaya ɗaya a rana tana rage DHT na cikin jini da kusan kashi biyu bisa uku. A manyan gwaje-gwajen da aka wallafa a 1998, kan maza 1,553 'yan shekara 18 zuwa 41, kashi 83 cikin ɗari na masu shan maganin ba su ƙara rasa gashi ba bayan shekara biyu, alhali a cikin waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta kashi 28 ne kawai. Kamfanin da ya yi maganin ne ya ɗauki nauyin gwajin, kuma mazan da aka gwada masu ƙaramin sanƙo ne ko matsakaici. Kan da ya riga ya yi santsi shekara da shekaru ba ya dawowa. Wanda ya daina sha kuma yakan koma inda yake cikin shekara guda.

A waɗannan gwaje-gwaje, kashi 3.8 cikin ɗari na masu shan maganin sun yi ƙorafin raguwar sha'awa, raunin mazakuta ko matsalar fitar maniyyi, a kan kashi 2.1 na ɗaya rukunin. Yawancinsu sun warware. Amma a 2012 FDA ta sa an ƙara gargaɗin cewa wasu sun ci gaba da fama da matsalar bayan sun daina sha. A 2024 hukumar magunguna ta Birtaniya ta umarci a riƙa sa katin gargaɗi a cikin kwalin, kan matsalar jima'i da ciwon damuwa. A watan Mayun 2025 kuma kwamitin sa ido na hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ya tabbatar da cewa tunanin kashe kai na cikin illolin finasteride, ko da yake ya ce amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa. Duk wanda ya ga yanayinsa ya sauya yana cikin sha, ya daina nan take ya ga likita.

Akwai wasu sharuɗɗan da suka shafi iyali. Mace mai ciki kada ta taɓa ƙwayar da ta fashe ko aka daka, domin tana iya lahanta al'aurar ɗan tayi namiji. Wannan ya shafi masu sayen ta miligiram 5 suna gutsurawa don sauƙin kuɗi. Maganin kan rage ingancin maniyyin wasu mazan, don haka ango da mai neman haihuwa su faɗa wa likita. Mai sha ba ya bayar da jini sai bayan wata guda da dainawa. Yana kuma rage sakamakon gwajin PSA na sankarar furostet da kusan rabi, wanda ka iya ɓoye cutar idan likita bai san ana sha ba.

Finasteride na fesawa da ake haɗawa a sayar ta intanet bai kuɓuta daga waɗannan illoli ba. A Afrilun 2025 FDA ta yi gargaɗi a kansa, bisa rahotanni 32 da ta karɓa tsakanin 2019 da 2024. Akwai kuma dutasteride, wanda ya fi finasteride ƙarfi da daɗewa a jiki. Koriya ta Kudu da Japan sun amince da shi don sanƙo, Amurka ba ta amince ba.

Mayukan gargajiya da ƙwayoyin ƙarin gashi

Man habbatussauda, man zaitun, man kaɗanya da man kwakwa suna tausasa gashi da fata, amma babu wani ingantaccen gwaji da ya nuna suna tsayar da sanƙon gado. Gwajin da masu tallar man rosmeri ke yawan kafa hujja da shi an yi shi ne a Iran a 2015, kan mutum 100 kacal tsawon wata shida, da minoxidil mai kashi 2 aka kwatanta shi, kuma babu rukunin da aka bari ba magani. Ƙwayar biotin ba ta amfanar wanda jikinsa bai rasa ta ba, kuma FDA ta yi gargaɗi a 2017 cewa tana iya gurɓata sakamakon gwajin jini, har da na bugun zuciya.

Haɗin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba ya fi kowanne haɗari, domin mai shafawa bai san me yake ɗora wa kansa ba, likita ma ba zai sani ba idan illa ta taso. Dashen gashi, wanda ake zuwa yi a Turkiyya, yana ɗauko saiwoyin ƙeya ne ya mayar da su gaba. Bai hana sauran gashin zubewa, kuma mai fatar da ke yin tabo mai tudu ya yi hattara da shi.

Kafin a saya

Kano ce babbar kasuwar da magani ke fitowa zuwa wannan yanki na Jigawa. A Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC da majalisar masu harhaɗa magunguna, PCN, sun rufe shagunan magani 1,321 a Sabon Gari, a ƙoƙarin mayar da dillalai cibiyar Dangwauro da ke hanyar Zariya, inda za a iya sa musu ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane goma na magungunan ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki jabu ne ko marar inganci. Maganin da sai an jira wata shida kafin a ga aikinsa yana da sauƙin yi wa jabu, domin kafin mai saye ya gane, mai sayarwa ya daɗe da cin kuɗinsa.

A duba lambar rajistar NAFDAC a jikin kwali, a tantance ta a manhajar Greenbook ta hukumar, a kuma duba ranar lalacewa da sunan kamfani. Lambar da ta ƙare da harafin L, wadda ake ba magungunan gargajiya, tana nufin an duba cewa maganin ba ya cutarwa, amma ba a tabbatar da cewa yana yin abin da aka ce yana yi ba. Finasteride maganin da likita ke rubutawa ne, kuma lasisin ƙananan kemis bai ba su damar sayar da irinsa ba.

Matakin farko shi ne a nuna wa likita kan, a babban asibitin Babura ko na Kazaure, inda za a iya tura mutum wurin likitan fata a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano idan da buƙata. A ɗauki hoton kai kafin a fara, a sake ɗauka bayan wata shida da bayan shekara a wuri ɗaya da haske ɗaya, domin ido na yaudarar mai kallon madubi kullum. A kuma lissafa kuɗin shekara tun daga farko, tunda maganin ba shi da ranar gamawa.

Sanƙo ba ya taɓa lafiyar jiki, kuma wanda ya zaɓi ya aske kansa ya ɗora hula bai yi asarar komai ba. Wanda kuma ya fara magani ya ga illa, ya sanar da likitan da ya rubuta masa, ya kuma kai rahoto ga NAFDAC ta manhajar Med Safety.