Shekarun da Bature Ya Yanka wa Garin Kwaki Farashi a Ikko

Duk sa'ad da aka ce za a ƙara wa ma'aikata albashi, sai ka ji unguwa ta rabu biyu. Mai albashi na murna, mai cefane na cewa kasuwa za ta tashi. To, jama'a, wannan gardama ta girmi yawancinmu, kuma a nan Ikko an taɓa yin ta har jirgin ƙasa ya tsaya.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke ce wa yaƙin Hitila, kaya sun yi wuta. A 1942 gwamnatin Turawa ta ba ma'aikata kuɗin rage tsada da ake kira Kola, amma fa ba goronmu ba. Daga nan ta ce ba ƙari, wai in aka ƙara albashi tsada ce za ta ƙaru. Hujjarta ita ce tun 1941 ta naɗa wani Bature, Kyaftin Pullen, ya ƙayyade farashin abinci, har gwamnati na sayo garin kwaki da shinkafa tana sayarwa da kanta. Wato a bar lebura da ɗan albashinsa, a sa tuwonsa ya yi araha.

Kowane ɗan kasuwa ya san araha ba daga sama take faɗowa ba, wani ne ke biyan ta. A nan manomi ne da 'yar kasuwa. Ka sayo kaya, ka biya mota da dako, sannan a ce ka sayar a kan kuɗin da wani ya rubuta a ofis? Sai kaya suka ɓace daga rumfa suka koma bayan fage, aka riƙa bin dogon layi, ana kama mata ana cin su tara. Alimotu Pelewura, mai sayar da kifi kuma shugabar matan kasuwar Ereko, ita ta ja mata suka yi tsaye a kan wannan doka.

Shi ma ma'aikacin bai ga arahar ba. A watan Yuni 1945 aka shiga yajin aiki na gama-gari, 'yan reluwe a gaba, Michael Imoudu na jan su. Sun nemi ƙarin rabin kuɗin Kola, da sule biyu da sisi a yini ga lebura. Wata ɗaya da rabi ana abu ɗaya. Ku duba halin mai jiran shanu daga Kano, ko mai goro a daure yana son kai shi Arewa. Abin da ya fi burge ni, matan kasuwa, waɗanda aka matse don a ciyar da ma'aikaci da araha, su ne suka tallafa wa masu yajin. A 1946 kwamitin Tudor Davies ya ba ma'aikata gaskiya, aka ƙara Kola.

Zamanin Gowon aka juya abin. Kuɗin Udoji ya fito a 1975 har da ariyas, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a shekarar, aka kuma ɗora wa 'yan kasuwa laifi. Ɗan dako da mai gadi da mai tura ruwa, waɗanda suka cika unguwanninmu, ba su ga Kola ba, ba su ga Udoji ba, tsadar kawai suka sha. Ko dokar albashi mafi ƙanƙanta ta naira 125 da aka yi a 1981, zamanin Shagari, ba ta shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 50 ba.