KAGARAR KUMASI DA SOJAN HAUSA

'Yan'uwa ɗalibai, Bahaushe ya ce waiwaye adon tafiya. A hutun da ya wuce na ziyarci kawuna a Zangon Kumasi, ƙasar Ghana, shi ne ya kai ni wata tsohuwar kagarar soja a tsakiyar birnin, wadda yanzu ta zama gidan tarihi na sojojin ƙasar. Na shiga da niyyar kallon bindigogi da motoci masu sulke, na fito da tambaya a zuciyata.

Turawan Ingila ne suka gina kagarar da ake gani yau a shekarar 1897, bayan sun kama Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896. A watan Maris na 1900 Gwamna Hodgson ya zo Kumasi ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna a kai, alhali kuwa ko Sarkin Asante ba ya zama a kanta, domin a wurinsu ran al'umma ce. Wannan cin mutunci ya sa Yaa Asantewaa, sarauniyar Ejisu, ta ta da yaƙi. Aka yi wa kagarar ƙawanya, yunwa da cuta suka yi ta ɗibar mutane. Gwamna ya sulale a watan Yuni, sauran kuwa sai a watan Yuli Kanar Willcocks ya cece su. Ita Yaa Asantewaa aka kai ta tsibiran Seychelles, can ta rasu a 1921.

To, su wa suka tsare wa Bature wannan kagara? Su ne waɗanda Turawa ke kira "sojan Hausa". Ba dukkansu ne Hausawa ba, amma Hausa ce harshen bariki, kuma da yawansu bayi ne da suka gudu daga hannun iyayengijinsu suka sami mafaka a aikin soja. Littattafan Turawa sukan jera sunayen hafsoshi, su kuwa sai a ambace su da adadi kawai.

A farkon shekarun 1950 aka mai da kagarar gidan tarihi, yau 'yan makaranta ke shiga inda a da ba mai kusanta. Mu kam mun fi son labarin fataken Gwanja da goro, domin ya fi daɗin ji. Amma tarihin waɗannan sojoji ma namu ne, da daɗinsa da ɗacinsa. In mu masu nazarin Hausa ba mu bincika shi ba, wa zai yi mana?

Allah ya sa mu dace, amin.